Oba-oba ta hannu: abin da za ka duba kafin ka koma rediyon 'yan sha'awa

Idan ka taɓa riƙe lasisin rediyon 'yan sha'awa, wato masu magana da juna ta rediyo don sha'awa kawai, alamar kiranka, sunan da ake sanin ka da shi a kan iska, ta fara da 5N, sannan aure da neman abinci suka ɗauke ka shekaru, kada ka fara da kasuwa. Nemo tsohuwar takardarka tukuna, ka tuntuɓi mutanen Nigeria Amateur Radio Society su nuna maka yadda ake sabuntawa yanzu. A Kaduna wannan ya wuce cika ƙa'ida. Wanda aka tsayar a shingen jami'an tsaro kan hanyar Zariya ko ta Birnin Gwari, aka ga oba-oba a aljihunsa ba takarda, zai sha tambayoyi. Ni kwafin lasisina jaka ɗaya yake kwana da rediyon.

Sai ka binciki wa ke kan iska a garin. Rediyo na hannu ƙarfinsa wat 5 ne galibi, yana aiki a zangon mita 2, wato 144 zuwa 146 MHz, da na santimita 70, 430 zuwa 440. Waɗannan zangon iya abin da eriya ta hango suke kaiwa. Kana tsaye a ƙasa cikin lungunan Tudun Wada, 'yan kilomita ne; ka hau bene, sai ka ji duniya ta buɗe. In akwai rifita, wato tashar da ke karɓar muryarka ta sake watsa ta nesa, mai aiki kusa da kai, karɓi abu uku daga masu amfani da ita: mitarta, tazarar da ke tsakanin mitar saurare da ta aikawa, wadda a zangon mita 2 kan zama 600 kHz, da sautin CTCSS, wani ƙaramin sauti da rediyonka ke haɗawa da muryarka, wanda ke buɗe ta.

To, wanne za ka saya? Baofeng UV-5R ce ta cika ko'ina saboda araha, kuma ban raina ta ba, ta shigo da yara da yawa cikin harkar nan. Amma kunnenta ba shi da kariya. Kusa da dogayen turakun sadarwa da tashoshin FM, waɗanda Kaduna ba ta rasa ba, sigina mai ƙarfi kan toshe ta, abokinka na kira kana jin shiru. Ga shi kuma tana iya aikawa tun daga 136 har 174 MHz, nesa da gonarmu, cikin mitocin da ba namu ba. Wannan ya fi damuna. In ita aljihunka ya kai, saya, amma ka kulle aikawa a duk tashar da ke wajen zangonmu.

In da hali, Yaesu FT-60R nake nuna wa mai dawowa. Tun 2004 aka fito da ita, jikinta na jure faɗuwa, tana tace hayaniya sosai, kuma akwai mata gidan batir da ke cin ƙananan batura AA guda shida. Ranar da aka kwana biyu ba wuta, sai ka aiki yaro shagon bakin layi. FT-65 ta fi ta sauƙin kuɗi, ita ma ba laifi. Masu tsarin murya na dijital kuwa, wato DMR, D-STAR da Fusion, ka dakata: ba sa jin yaren juna, saboda haka sai ka san wanda abokanka ke riƙe da shi.

Inda nake so ka kashe hankalinka shi ne eriya. Guntuwar robar da ke zuwa cikin kwali ita ce mafi rauni a kayan gaba ɗaya. Doguwa irin Nagoya NA-771 ta fi ta, sai dai jabunta sun yi yawa. Duba bakin ɗaurin da kyau kafin ka biya: duka SMA ne, amma na UV-5R da na FT-60R kishiyar juna ne, eriyar wannan ba ta hawa waccan. Mafi kyau ma ka haɗa taka. Wayar tagulla mai kauri, tsaye guda ɗaya kamar santimita 49 don zangon mita 2, huɗu a ƙasanta sun ɗan sunkuya, a ɗaura a kan gora ta zarce kwanon ɗaki, a jawo kebul gajere zuwa ciki. Wat 5 ɗin nan zai ba ka mamaki. Da damina, hadari na haɗuwa ka cire kebul ɗin daga rediyo.

Tsohon batirin NiCd da ke cikin durowa ya mutu, kada ka wahalar da kanka. Sabon kuma kada ka bar shi gaban mota a zafin Afrilu. Sayi kebul ɗin haɗawa da kwamfuta, ka sauke manhajar CHIRP, kyauta ce, ka shigar da tashoshinka da sunayensu.

Makon farko saurare kawai. Bar ta a 145.500, mitar kira. In gari shiru, duba sama: tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa na sauko da murya a 145.800 da 437.800, wucewarta kamar minti goma ne, kuma akwai manhajojin waya da ke faɗin lokacin da za ta bi ta kan Kaduna. Bayan nan ka sa rana da mutum biyu ko uku, a ce kowace Asabar bayan Isha'i, kowa ya kunna. Faɗi alamar kiranka a hankali, harafi-harafi, ka saki maɓalli, ka ba da daƙiƙa goma kafin ka sake kira.