Yadda ake shirya ƙofar ƙarfe kafin a shafa mata fenti

Da farko goge maiƙo da tsumma da tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi. Kada ka tsallake wannan, domin samfefa a kan maiƙo ƙara baza shi take yi.

Sai tsatsa. Kankare ta da burushin ƙarfe, musamman wurin walda da ƙasan ƙofa inda ruwan damina ke kwanciya. Nan na fi ganin fenti na ɓarewa a gidajen Kano. Bi da samfefa har ƙarfen ya yi ɗan kaushi, abin da fenti zai kama ke nan.

Share ƙurar tas. A ranar ka shafa jan fenti mai hana tsatsa, siriri, ya bushe kafin na sama. In ƙurar hunturu ta taso, yi aikin a cikin rumfa.