Surfanin hannu: yadda zaki fara ba tare da kin jefar da allura ba

Assalamu alaikum 'yan uwana mata na nan Makka da Jidda da Madina. Yau maganar surfanin hannu ce, dan wallahi na gaji da jin "ni hannuna baya yi" daga bakin matan da in kika bincika zaki tarar zare suka yanko mai tsawon zani, suka kama baƙar abaya mai santsi tun ranar farko, toh ina hannu zai yi? Rabin takaicin aikin nan tun a kasuwa ake sayo shi, wajen zaɓen yadi da zare, tun ba'a soka allura ba.

Kayan basu da yawa. Tara, wato zoben katakon nan biyu ɗaya cikin ɗaya mai ɗan ƙarfen murɗawa, ki ɗauki mai faɗin santimita 15 zuwa 18, babba gajiyar da hannu kawai take yi. Allurar surfani mai doguwar kafa, wato ramin saka zare, lamba 7 ko 8, kuma ki sani lambar na hawa allurar na ƙara sirancewa. Ƙaramin almakashi mai tsini wanda zaki ɓoye, dan ranar da yara suka yanka kwali da shi ya gama aiki. Sai yadin auduga fari wanda baya talewa, ragowar shadda ko tsohon zanin gado ma ya isa koyo. In kina Makka ki zaga kasuwar Utaibiyya, 'yan Jidda kuma Balad da Bab Sharif, shagunan kayan ɗinki duk suna da su.

Zare shine inda nake so ki tsaya da kyau. Na DMC, kamfanin Faransa, ko na Anchor, kowane ɗauri mita 8 ne, sili shida a haɗe, kuma akwai lamba a jikin takardar, misali a DMC 310 baƙi ne 321 ja ne. Dan Allah kar ki yar da takardar nan, saboda ranar da zaren ya ƙare miki a tsakiyar fure kika koma shago kina gwada kala da ido ƙarƙashin fitilarsu, sai kin dawo gida kiga wani ja daban kika sayo. Masu arha na shagunan abu hamsa, wato na kayan riyal biyar, ba laifi wajen koyo, amma in abu ne da za'a wanke ki gwada tukuna, musamman ja da shuɗi mai duhu: jiƙa guntun zaren ki matse cikin farin tsumma, in ya bar kala toh haka zai yi miki a farar ɗarha, wato mayafi, bayan kin gama wahala.

Tsawon da zaki yanka kamu ɗaya ne, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, wajen santimita 45. Nasan zaki ce ai sai kin ta saka zare a allura, eh gara hakan, dogon zare duk shigarsa yadi yana gogewa yana gashi yana murɗewa har ya ƙulle, kuma ƙullin baya tashi zuwa sai a bayan aiki inda baki gani, sai kin yi nisa kin juya kiga wani hanji yana lilo. Kar ki yi aiki da sili shidan duka. Riƙe bakin zaren da yatsu biyu ki zaro sili ɗaya sama a hankali, sauran zasu tattare a ƙasa sannan su saki da kansu, ki sake zaro na biyu ki haɗa su. Sili biyu ya isa yawancin aiki. Kina cikin ɗinki kika ji ya fara murɗewa sai ki saki allurar tayi lilo ta warware. In kuma ya riga ya ƙulle kar ki fizga, yawanci ɗan zobe ne, sa bakin allura cikin zoben ki ja a hankali zai kwance.

Yadi a tara sai ya ɗame kamar fatar kalangu, ki ƙwanƙwasa da yatsa kiji. In ya saki aikin zai tattare, kuma babu gugar da zata miƙar da shi. In kin tashi daga aiki ki cire shi daga tara kar ya bar shati.

Zane kuma, ki manna takardar a gilashin taga da rana ki ɗora yadi ki bi layi, rana dai bamu rasa ta ba a garin nan. Amma ki kula da biron da kika saya. Akwai mai gogewa da zafi, daga wajen digiri 60 tawadarsa take ɓacewa, toh ki bar jakar aikinki cikin mota da azahar a Makka ki dawo kiga farin yadi fes kamar baki taɓa zana komai ba. Mai gogewa da ruwa kuma kar ki kuskura ki sa masa guga kafin ki wanke, zafi na iya zaunar da shi. Baƙin yadi alli ko siririn guntun sabulu irin yadda teloli ke yi. Ki fara da ganye da fure ko dagi, ni dai bana ba da shawarar aya ko sunan Allah a jikin abinda za'a zauna kai ko a shiga bayi da shi.

Ɗinki uku sun isheki wata guda. Na farko mai komawa baya, na layi: ki fito da allura gaba kaɗan, ki koma ki soka daidai inda na baya ya tsaya, tsawon kowanne milimita 3 ko 4, a kwana kuma ki ƙara gajarta shi. Na biyu sarƙa: ki fito, ki koma ki soka a ramin da kika fito, kar ki ja zaren duka ki bar ɗan zobe, ki fito gaba kaɗan ta cikin zoben sannan ki ja, amma a sassauce, in kika ɗame sarƙar zata zama layi kawai. Na uku ciko, shine mai sa mutum kuka kuma shine mai kyau. Zare kusa da zare a kwance har wurin ya rufe. Ki fara zagaye bakin ganyen da ɗinkin layi, sannan ki fara cikon daga tsakiya inda yafi faɗi ki tafi gefe ɗaya ki dawo ki yi ɗayan, kina soka allura a wajen layin ba cikinsa ba, haka bakin zai fita sumul. In faɗin ya wuce santimita ɗaya ki raba shi gida biyu, dogon ciko saki yake yi ya riƙa kama zobe da farce.

Kina so ya taso ya yi tudu? Ki yi 'yan ɗinki a ƙasa tukuna su zama matashi sannan ki rufe a kansu a gicciye. Dabarar da ake yi wa rubutun rigar Ka'aba kenan a masana'antar unguwar Ummul Jud da ke Makka, zaren auduga ake jerawa ƙarƙashin haruffan sannan a rufe da zaren azurfa da wanda aka shafe da zinare, da hannu, shiyasa kike ganin rubutun ya taso. In Allah yasa kika samu matsowa kusa a ɗawafi ki ɗaga ido ki duba.

Bayan aiki shi ke tona mutum. Tsofaffinmu in kika miƙa musu abu juya shi suke fara yi. Kar ki tsallaka da zare daga wannan fure zuwa wancan, a farin yadi yana nunawa ta gaba, ki gama ki zura zaren ƙarƙashin ɗinki uku ko huɗu na baya ki yanke.

Sai abinda jiki zai gaya miki. Wuya da kafaɗa zasu yi tsami, ido zai yi yaji balle ga mukayyif, wato AC, yana busar da shi, yatsa zai sha suka. Ki zauna inda haske yake ki jingina bayanki, duk rabin awa ki miƙe, baƙin yadi kuma ki bar shi sai da rana. Ki wanke hannu kafin ki fara, sabon lalle da humra da man shafawa duk suna sauka a yadi, kofin gahawa kuma ki ajiye shi nesa. Kuma tunda a ƙasa muke zama kan kafet ga yara masu rarrafe, allura ɗaya zaki fito da ita ki san inda take, ki ajiye ɗan maganaɗisu kusa.

Daɗinsa fa? Waya tana sauka daga hannu da kanta, ki kunna karatu ko ki zauna da maƙwabciya kuna hira hannu na tafiya, ki ɗago kiga ganye ya cika. Idonki ma canzawa yake, lokacin aikin Hajji alhazan Najeriya da Nijar suka cika gari zaki kama kanki kina kallon hular wani dattijo a titin Shara Mansur na Makka, zanna bukar ko ƙube, kina lissafin makonnin da wani ya yi a kanta, ko babbar riga mai aska takwas da tambari irin aikin Zariya. Da can kallon ado kawai kike musu.

In kin gama, ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ba murza ba matsewa, ki naɗe cikin tawul ya tsotse ruwan, guga kuma ta baya, ki kifa aikin kan tawul mai laushi kar tudun ya kwanta.

Maganar kuɗi kuma kar ki sa rai da wuri. Telan Bangali zai zuba wa abaya fure da keke kafin ki sha shayi, kuma da farashinsa za'a auna naki, wata ma cewa zata yi "ai ke a zaune kike, ɗan yi min a hannun rigar nan kafin Juma'a" ko kuɗin zare babu. Ki faɗi kwanakin da zai ɗauka da kuɗinki tun kafin ki karɓi yadin, in 'yar uwa ce da baki iya yi wa ciniki ki ce ta sayo tara da allura ta zo bayan la'asar ki koya mata.