Gashin haƙarƙarin sa a Ingila: kafin ka zauna a teburi

Idan ka sauka Ingila, ba za ka yi wata guda ba sai wani abokin aiki ko ɗan ajinku ya gayyace ka cin gashin ranar Lahadi. Tsohuwar al'adarsu ce. Daga ƙarfe 12 na rana ake fara sayarwa, zuwa la'asar sau da yawa naman ya ƙare, don haka a wurin da ya yi suna sai ka kama teburi tun ranar Alhamis ko Juma'a.

Ba kowane gasasshen naman sa ne haƙarƙari ba. A wurare masu araha, inda ake bin layi wani na yanka wa kowa, galibi naman cinya suke gasawa, mara kitse, kuma yana saurin bushewa. Abin da kake nema a takardar abinci shi ne "rib of beef". Ana gasa shi dunƙule guda da ƙashinsa, kitsen da ya ratsa tsokar yana narkewa a hankali, shi ne sirrin laushinsa. Ya fi tsada, amma kuɗinka ba su tafi a banza ba.

Sai maganar da ta fi damunmu, wato yanka. Mafi yawan masu wannan gashi gidajen giya ne, naman kuma ba yankan Musulmi ba ne. Batun yankan Ahlul Kitabi da zama inda ake shan giya, wannan tsakaninka da malaminka ne. Wanda yake son halal zalla ya nufi unguwannin da Musulmi suka yi yawa: Whitechapel a gabashin Landan, Sparkbrook a Birmingham, titin Wilmslow a Manchester, ko garin Bradford. Duba takardar shaida a jikin ƙofa. Ta hukumar tantance halal mai suna HMC ba ta yarda a sumar da dabba kafin yanka ba, ta wata hukumar mai suna HFA kuwa ta yarda da hakan bisa sharaɗi. Kada kunya ta hana ka tambaya, domin wani wurin kajinsa ne kawai halal, naman sa ba haka ba.

Ko naman ya halatta, da sauran rina a kaba. Romon mai kauri da ake kwararawa a kai, wasu masu dafuwa suna zuba masa jan giya. Dankalin turawa kan sha gashi a kitsen sa ko na agwagwa. Akwai kuma wani abu mai kama da fanke da ya kumbura, na fulawa da ƙwai da madara, wanda suke kira Yorkshire pudding. Shi ma a mai ko kitse ake gasa shi, sai ka ji wane iri. Lokacin Kirsimeti kuma a kula, sukan ɗora tsiran alade a gefen faranti ba tare da ka nema ba.

Ranar farko da aka kawo mini yankan, na ga cikinsa jajir, na ce wa mai kawo abincin bai gasu ba. Mu da muka tashi da balangu da tsire, idonmu bai saba ba. Su kuma haka suke so, zafin tsakiyar naman bai wuce digiri 55 zuwa 60 ba. Jan ruwan nan ba jini ba ne, ruwan tsoka ne. Duk da haka idan ranka bai kwanta ba, kada ka ce a mayar da shi wuta, zai dawo kamar fatar takalmi. Ce musu a yanko maka daga bakin dunƙulen, inda wuta ta ci sosai har ya yi ɓawo. Ni a wurina nan ne daɗin yake, kuma ƙwaya biyu ne kawai a kowane dunƙule, sai wanda ya zo da wuri.

A Landan za ka ga an ƙara kashi 12.5 cikin ɗari a kan lissafinka a matsayin ladan hidima, ba sai ka sake ajiye wani abu ba. Farin abin da ake kawowa da naman cikin ɗan kofi kuwa ba nono ba ne, wata saiwa ce mai hawa hanci, ɗanɗana kaɗan tukuna. Yajin ƙuli dai babu shi, ni nawa a aljihu nake zuwa da shi.