Kurakuran da ake yi kafin takarda ta shiga sikana

Ina aiki a wani shagon buga takardu a Jidda, kuma da yawa daga cikin masu shigo mana 'yan uwa ne Hausawa: mai sabunta igama (katin izinin zama a Saudiyya), mai neman aiki, ɗalibin da ke son shiga Jami'ar Musulunci ta Madina, da mai haɗa takardun da zai kai ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya. Kusan duk takardar da na ga ta lalace a sikana, wato na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta kai shi kwamfuta, tun a hannu aka yi kuskuren, kafin a danna komai.

Sikanar ofis ƙofa biyu gare ta. Akwai gilashin da ake ɗaga murfi a kwantar da takarda, akwai kuma bakin sama inda ake jera takardu da yawa, tayoyin roba su riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya suna lanƙwasa su a ciki. Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne a cusa takardar da ba ta da madadi a wannan baki na sama. Wata Hajiya ta taɓa kawo mana takardar aurenta ta gida, rubutun hannu, ta sha ninki har layin ninkin ya yi laushi kamar tsumma. Muna cikin cunkoso, aka haɗa ta da sauran takardunta aka tura. Sai muka ji ƙarar yagewa. Da aka buɗe murfin, rabi na ciki, rabi na waje. Ba ta yi faɗa ba, ta dai riƙe guntayen biyu ta ce, "Ɗana, ita ke nan gare ni fa." Tun ranar, duk takardar da ta tsufa, ko ta yage a gefe, ko aka manna mata hoto, gilashi nake kai ta. Haka fasfo, da katin igama, da satifiket ɗin da aka yi wa leda. Aikin ya fi ɗaukar lokaci, amma babu abin da ke jan takardar.

Sai maganar fil ɗin sitefula. Kowa ya san a cire shi, amma mutanenmu kusurwar hagu kaɗai suke dubawa, alhali takardun Larabci sau da yawa a kusurwar dama ake danne su. A duba duka biyu, a shafa da yatsa. Fil guda ya isa ya karce siririn gilashin da ke cikin na'ura, daga nan kowane shafi ya riƙa fitowa da layi daga sama har ƙasa. A cire shi da ɗan abin cire fil, kada a fizge da farce. Bayan an cire, ramukan da ya bari kan sa shafuka su kama juna, don haka a raba su ɗaya-ɗaya. Amma in fassara ce da aka haɗe da asalinta aka buga hatimi a kan mahaɗar, kada a raba ta sam, domin mai karɓa yana iya cewa an taɓa ta. A ɗaga shafi-shafi a ɗauka a gilashi.

Yanayin gari ma yana da hannu. Danshin Jidda, musamman da zafi, kan sa takardu su manne, a Riyad kuma bushewar iska ce ke sa su kama juna. Ko ta wace hanya, na'ura sai ta ja biyu a matsayin ɗaya, kuma ba kowace sikana ke faɗa maka ba. Maganin shi ne ka riƙe ƙunshin a gefe guda, ka lanƙwasa shi ka saki shafukan su karkaɗe iska ta ratsa, sannan ka buga gindinsa a kan tebur ya daidaita. Ka ƙirga shafukan kafin ka sa. In goma sha huɗu ka sa, goma sha huɗu za ka gani a kwamfuta.

Mutane kan manta da bayan takarda. Hatimin tabbatarwa na Ma'aikatar Harkokin Waje ko na cibiyar 'yan kasuwa yakan zauna a baya, kuma shi ake nema. A juya kowace takarda, in akwai ko da sa hannu ne a zaɓi ɗaukar fuska biyu.

Girman takarda kuwa, A4 ake amfani da ita a nan, milimita 210 a faɗi, 297 a tsawo. Doguwar takarda irin ta tsofaffin fayil ɗin gida, in ba a sauya saiti ba, gindinta ake yankewa, inda sa hannu yake. A ware ta daban. A matso da 'yan katangun robar da ke gefen baki su taɓa takarda ba tare da sun matse ta ba, kada kuma a wuce alamar cika.

Rasit ɗin injin banki ko na kanti takarda ce mai aiki da zafi. In ta kwana biyu a mota rubutun ya dusashe, in aka goge ta da dutsen guga don ta miƙe ko aka yi mata leda, sai ta koma baƙa ƙirin. A ɗauki hotonta tun tana sabuwa, a gilashi. Takardar da ta yamutse, a danne ta da littafi mai nauyi ta kwana. A cire 'yan takardun manne masu launi, a bar farin ruwan gyara da tawadar hatimi su bushe, kada su shafe tayoyin.

Ga rubutu, saitin ɗigo 300 a kowane inci (300 dpi) ya wadatar, kuma in akwai hatimi a ɗauka da launi. Kafin mai takarda ya tashi, nakan juya masa fuskar kwamfuta mu bi shafukan tare, ya ga lambar igamarsa da kwanan wata sun fito sarai, sannan in mayar masa da takardunsa cikin ambulan yadda ya kawo su.