Yadda Ake Haɗa Tukunya Cikin Tukunya Don Kayan Miya Su Jure Bazara

A watan Afrilu zafin Katsina kan kai digiri 40, tumatirin da uwargida ta sayo yau kafin jibi ya fara ruɓewa. Akwai dabarar sanyaya kayan miya da ba ta buƙatar wutar lantarki, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa daga Jigawa har ta ci masa kyautar kamfanin agogo na Rolex a 2000.

Ki samo tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, yadda ƙaramar za ta shige cikin babbar ta bar tazarar yatsu biyu ko uku. Kada babbar ta zama mai fenti, domin fenti yana toshe ƙofofin yumɓu, su kuwa su ne aikin gaba ɗaya. Ki shimfiɗa yashi a cikin babbar, can ƙasa, ki ɗora ƙaramar bakinsu ya daidaita, ki cike tazarar da yashi. Sai ki zuba ruwa a hankali har yashin ya sha ya ƙoshi. Ki jera tumatir da attaruhu da alayyahu a ciki, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma.

To, daga ina sanyin yake zuwa? Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tukunyar ya zama tururi, kuma kowane kilo ɗaya da ya tashi yana tafiya da zafi kimanin kilojul 2,400 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), wanda yake zuƙowa daga cikin tukunyar. Ƙarfin da ruwa ke yunƙurin tashi da shi masana kimiyyar sinadarai ke kira matsin tururi. Da kilofaskal ake auna shi: a digiri 20 kilofaskal 2.3 ne, a digiri 40 ya kai 7.4, ya ninka sau uku ke nan. Idan iska ta bushe, babu abin da zai tare shi. Shi ya sa randa ta fi sanyi a bazara da hunturu. A tsakiyar damina kuwa iska ta riga ta cika da danshi, tukunyar ba ta taɓuka abin kirki.

Saboda haka kada ki kulle ta a ɗaki. Ki ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, kamar gindin darbejiya ko ƙarƙashin rumfa, ki ƙara ruwa safe da yamma. Nama da kifi dai kada ki saka, sanyin bai kai na firji ba.