Yadda Ake Shirya Taron Tunawa da Gwagwarmayar Cek da Sulobak a Zangon Kumasi

Kafin a yi hayar kujera ko ɗaya, kwamitin makaranta ko na ƙungiyar matasa ya fara tsayar da rana, don nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ranar 28 ga Oktoba ita ce ranar da aka kafa Cekosulobakiya, ƙasar da ta haɗa Cekawa da Sulobak, a 1918 bayan rushewar daular Ostiriya da Hangari, kuma Cekawa na riƙe da ita a matsayin babbar ranar ƙasa. Sulobak kuwa sai 30 ga wata shugabanninsu suka zauna a garin Martin suka amince da shiga tarayyar, kuma ranakun da suka fi ji a jikinsu su ne 29 ga Agusta, tawayen da suka yi wa 'yan Nazi a 1944, da 1 ga Janairu, ranar da ƙasarsu ta tsaya da kanta a 1993. Ranar da ta haɗa su duka ita ce 17 ga Nuwamba. Ita muke ba da shawara.

Dalili biyu ne. A ranar ne a 1939 sojojin Hitila suka rufe jami'o'in Cek, suka harbe mutum 9 daga jagororin ɗalibai, suka kwashe fiye da 1,200 zuwa sansanin Sachsenhausen, bayan jana'izar Jan Opletal, ɗalibin likitanci da aka harba a zanga-zanga. Shekara hamsin cif bayan haka, a 1989, ɗaliban da suka fito tunawa da wannan rana suka sha kulki a titin Narodni na birnin Prag, kuma dukan nan ne ya tada gari. Ranar 27 ga wata aka yi yajin aikin gama-gari na awa biyu, ranar 29 ga Disamba Vaclav Havel, marubucin da ya sha ɗauri, ya zama shugaban ƙasa.

Sai wuri. Harabar makaranta mai katanga ta fi bakin titi sauƙi. In kuwa an nace sai an yi tattaki a Aboabo ko Asawase, Dokar Zaman Lafiyar Jama'a ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana biyar kafin ranar. A kai takardar da mako biyu, a karɓo kofe mai hatimi. Kafin wannan ma a je a gaida sarkin unguwa da limami, da ɗan goro a hannu, a yi musu bayani baki da baki. Taron da manya suka fara jin labarinsa ta lasifika ba ya cika kujeru.

Ga abin da zai iya ɓata taron gaba ɗaya a Kumasi: launi. Tutocin ƙasashen biyu fari ne da ja da shuɗi, haka ma ƙyallen da masu zanga-zangar 1989 suka riƙa maƙalawa a ƙirji. Waɗannan kuwa su ne launukan NPP, ɗaya daga manyan jam'iyyun siyasar Gana. Kuka ɗaura su a rumfa a Asawase, kafin la'asar labari ya zaga cewa kamfe ake yi, rabin mutane su ƙi zuwa, sauran rabin su zo da wata niyya daban. A shekarar zaɓe abin ya fi muni, tunda 17 ga Nuwamba saura mako uku ne a kaɗa ƙuri'a. Don haka ban da ƙyalle, ban da balan-balan. A yi rumfa da farin yadi zalla, a kafa tuta uku kacal, ta Gana a tsakiya, a rubuta sunan kowace ƙasa da manyan baƙaƙe a ƙarƙashinta. Ɗan siyasa in ya zo a ba shi kujera, amma kar a ba shi makirfo.

Tela ma a zauna da shi da hoto a hannu. Tutar Cek fari ne a sama, ja a ƙasa, da shuɗin kusurwa uku daga ɓangaren sanda. In aka kife ta ja ya hau sama, an yi kuskure. Ta Sulobakiya layi uku ne a kwance, fari, shuɗi, ja, da jan garkuwa mai ɗauke da farin gicciye mai hannu biyu bisa tsaunuka uku, ta ɗan karkata wajen sanda. Tela ya ga garkuwar da wuya ya bar ta, to ya ɗinka muku tutar Rasha, wadda kuwa ba ƙaramin cin fuska ba ne ga mutanen da tankokin Tarayyar Sobiyet suka shiga ƙasarsu daren 20 ga Agusta 1968. Masu buga takarda kuma sukan sauko da ta Sulobeniya daga intanet, wata ƙasa ce daban. Batun gicciyen, a faɗa wa malamai tun wuri cewa tambarin ƙasa ne, kar a bari sai a filin taro su fara ganinsa.

Lokaci: tsakanin la'asar da magariba akwai wajen awa ɗaya da rabi mai amfani, daga ƙarfe 4 zuwa 5:30. Ya isa. Addu'a da gaisuwa minti goma, jawabin tarihi minti ashirin da biyar, ɗalibai minti ashirin, tambayoyi minti ashirin, sauran na rufewa. A tanadi lasifika mai batir saboda ɗaukewar wuta.

Mai jawabi kar ya fara da Turai, ya fara da gida. A mako guda ne cikin Fabrairun 1948 'yan kwaminis suka ƙwace mulki a Prag, ranar 25, sannan ranar 28 aka harbe tsofaffin sojoji uku, Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey a mararrabar Christiansborg a Ankara, babban birnin Gana. Mu muka doshi 'yancin 1957, su suka shiga shekara 41 na mulkin jam'iyya ɗaya. Haka nan Cek da Sulobakiya sun rabu ranar 1 ga Janairu 1993, Jamhuriya ta Huɗu ta fara a Gana ranar 7. Dattawa kuma sun san masana'antar takalma ta Kumasi, wadda aka kafa zamanin Nkrumah da taimakon Cekosulobakiya. In akwai wanda ya yi aiki a can, ko ya yi karatu a ƙasar da sukolashif, minti biyar ɗinsa sun fi takarda goma.

Wannan ɗin ma yana da gefen da dole a faɗa: gwamnatin da ta taimaka mana da masana'anta ita ce ta ɗaure 'yan ƙasarta saboda sun sa hannu a takardar koke ta neman haƙƙin ɗan Adam a 1977. Mai jawabi ya faɗi duka biyun.

Babban laifin da ake yi shi ne a cika baki da Prag da Havel a manta Sulobak. Duk sunan Cek da aka ambata a haɗa shi da takwaransa. Tomas Masaryk shugaban farko, da Milan Stefanik, ɗan Sulobak masanin taurari da ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1919. Alexander Dubcek da ya jagoranci sassaucin 1968 ɗan Sulobak ne. Tun 25 ga Maris 1988 mutanen Bratislava, babban birnin Sulobakiya, suka fito da kyandir suna neman 'yancin addini aka watsa su da ruwa da kulki. Ko sunan juyin 1989 ya bambanta: Cekawa na cewa na karammiski, Sulobak na cewa mai taushi. Rabuwar ma kar a yi mata kwalliya. Ba a zubar da jini ba, gaskiya ne, amma ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba. Firaministan Cek Vaclav Klaus da na Sulobak Vladimir Meciar ne suka ƙulla, majalisa ta amince. Wani ɗalibi zai tambaya, gara amsa na nan a shirye.

Sunayen ba su da wuyar da ake zato. A faɗi Dubcek da Meciyar da irin "c" ɗinmu ta "ciki". Vaclav kuwa Vatslaf ake cewa, Jan kuma Yan, Stefanik a fara shi da "sh". Ƙarfin murya kullum a gaɓar farko. A rubuta su a allo yadda ake furtawa, yara su maimaita sau uku kwana ɗaya kafin taro.

Akwai ofishin jakadancin Cek a Ankara, na Sulobakiya kuwa yana Abuja. A aika wa kowanne wasiƙar gayyata da wata guda, ko da ba za su zo ba. Abinci a bar shi na gida: masa, ƙosai, sobolo mai sanyi, a ƙiyasta da ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu saboda yaran unguwa.

A Prag kyandir ake kunnawa a titin Narodni. A nan da rana ne, ga iska, ga yara da dogayen hijabai, wasu kuma za su ɗauke shi al'adar coci. Makullai sun fi. A dandalin Wenceslas na Prag a 1989 dubban mutane sun ɗaga makullansu sama suna kaɗawa, ma'ana lokacin masu mulki ya yi, a tashi. A sanar a takardar gayyata cewa kowa ya zo da tarin makullansa, na ɗaki, na shago, na babur. Makulli ɗaya tilo ba ya ƙara, don haka a tanadi wajen zobe talatin na tsofaffin makullai daga wurin masu yankan makulli a Kejetia, uku-uku a kowane zobe, don yara. A yi shiru na minti ɗaya tukuna, a kashe lasifika, sannan shugaban taro ya ɗaga nasa. Daƙiƙa talatin ta wadatar. A sa mutum biyu a bakin ƙofa da kwano su karɓe zobban aro kafin a kira sallah.