Yadda ake neman wani lardi a Kanada ya tsayar da kai

A Express Entry, tsarin gwamnatin Kanada na zaɓar ma'aikata 'yan ƙasashen waje ta intanet, maki ake bai wa masu neman izinin zama na dindindin, mafi yawansa 1,200. Idan wani lardi ya tsayar da kai ta shirin PNP, wato shirin da larduna ke zaɓar baƙin da suke buƙata, za a ƙara maka maki 600, abin da kusan ke tabbatar da goron gayyatar gwamnatin tarayya na neman izinin zaman. Lardin Kwibek dai tasa hanyar daban ce.

Fara da jarabawar harshe: IELTS General ko CELPIP ga mai Turanci, TEF ko TCF ga mai Faransanci. Sakamakon na aiki shekara 2. 'Yan Nijar, Chadi da Kamaru, kada ku raina Faransancinku, yana jawo ƙarin maki, lardin New Brunswick kuma da harsunan biyu yake aikin hukuma.

Sai ka tura takardun karatunka ga hukumar tantancewa irin su WES.

Mataki na uku ne ya fi kayar da mutane: zaɓen lambar sana'a a jerin NOC, wato jerin sana'o'i na gwamnatin Kanada. Ba sunan muƙaminka ake dubawa ba, ayyukan da kake yi kullum ake dubawa. Mutum na iya amsa sunan manaja alhali aikinsa na akanta ne. Karanta bayanin lambar a tsanake, ka tabbatar wasiƙar wurin aikinka ta zayyana ayyukan, da awannin aiki, da albashi. In suka saɓa, sai a yi watsi da takardunka.

Daga nan ka buɗe bayananka a Express Entry, ka duba shafin kowane lardi. Manitoba na fifita mai dangi, karatu ko aiki a can, wasu kuma sai kana da tayin aiki. Sharuɗɗan na yawan sauyawa. A 2025 gwamnatin tarayya ta rage guraben PNP daga 110,000 zuwa 55,000. Zaɓi inda za ka zauna da gaske, domin niyyar zama sharaɗi ce.

Idan gayyata ta zo, kwana 60 gare ka ka miƙa komai, har da takardar 'yan sanda da ta gwajin lafiya, don haka ka tanadi takardunka da wuri. Wakilin da za ka biya don ya taimaka maka da takardun kuwa, nemi lambar lasisinsa ka bincika kafin ka ba shi ko sisi.